Ma'auni Ɗaya ga Mace da Namiji: Sharhi kan Wani Wurin Horar da Masu Neman Shiga Soja a Sakkwato

Duk lokacin da Rundunar Sojan Ƙasa ta Najeriya ta fitar da sanarwar ɗaukar sababbin kurata, filayen Sakkwato kan cika da matasa masu guje-guje tun da jijjifi, daga kewayen filin wasa na Giginya har zuwa gefen titunan bayan gari, kuma wasu tsofaffin sojoji sun lura da wannan buƙata, sun mayar da shirya matasan sana'arsu. Ɗaya daga cikin irin waɗannan wurare, wanda yake ta ɓangaren Kwannawa, shi ne zan yi sharhi a kansa, domin ya sha bamban da sauran ta fuska biyu. Yana karɓar 'yan mata, sannan ya rubuta ɓaro-ɓaro a allonsa cewa abin da zai auna namiji da shi, da shi zai auna mace, ba ragi ba ƙari. Ni ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, ni ke biya wa ɗiyar ƙanena kuɗin horon, ni kuma ke raka ta a mafi yawan safiya, saboda haka abin da zan faɗa na gan shi ne da idona tun daga tsakiyar hunturu har zuwa shigowar bazara.

Wurin ba gini ba ne na a zo a gani. Fili ne da aka kewaye da langa-langa, da shago guda da ake amfani da shi a matsayin ofis, da rumfar kwano inda aka jera ƙarafan ɗagawa waɗanda mai walda ya haɗa, da tayoyin tirela, da jarkoki, da buhunan rairayi masu nauyi daban-daban. Mai wurin tsohon samanja ne, mutum mai kaifin murya da tsare lokaci, yana da mataimaka maza biyu da mace ɗaya, wadda ita ma ta yi aikin soja kafin ta ajiye. Ana biyan Naira 5,000 na rajista, sannan Naira 12,000 a kowane wata, kuma ana ba da rasit ba tare da an roƙa ba. Ana farawa da zarar an idar da sallar asuba gari ya ɗan waye, a tashi kafin ƙarfe takwas, kullum ban da Juma'a. Wanda ya makara ba a yi masa faɗa, ana rubuta sunansa ne kawai a littafi, idan abin ya yawaita a kira wanda ke biya masa.

Abin da ya fara saye zuciyata shi ne cewa ba su karɓi ko sisi ba sai da suka tsayar da yarinyar a jikin bango suka auna tsayinta, suka kuma duba takardunta. A sanarwar ɗaukar kurata ta shekarun nan ana neman namiji ya kai mita 1.68, mace kuma mita 1.65, shekaru daga 18 zuwa 22 ga wanda ba shi da sana'a, har zuwa 26 ga mai sana'a, tare da sakamakon kammala sakandare da lambar shaidar zama ɗan ƙasa, kuma mai nema ya kasance bai yi aure ba. Tazarar santimita uku kacal da ke tsakanin maza da mata a wannan sharaɗi tana nufin mafi yawan 'yan matanmu suna faɗuwa tun kafin su yi taku ɗaya na gudu, domin tsayin galibin matan ƙasar nan bai kai haka ba. A gabana Samanja ya sallami wasu 'yan mata da iyayensu suka kawo, ya ce musu babu irin motsa jikin da zai ƙara wa balagagga tsayi, kada su zubar da kuɗinsu. Ya kuma nanata cewa cike fom ɗin shiga soja kyauta ne a intanet, cewa shi ba ya da hanyar sanya sunan kowa, duk wanda ya ce a kawo kuɗi ya samar da gurbi ɗan damfara ne. A garin da iyaye da yawa suka sayar da tumaki da gero suka miƙa wa irin waɗannan mayaudara, wannan gaskiyar kaɗai ta isa a jinjina masa.

Gwajin da wurin yake tinƙaho da shi ana yin sa ne a Asabar ta ƙarshen kowane wata, kuma kashi biyar ne. Akwai gudun kilomita 3.2, akwai kifa ciki a riƙa ɗagowa da ƙarfin hannu har minti biyu, akwai ɗaukar jarkoki biyu masu cin lita 20 a yi tafiya da su zuwa ƙarshen fili a dawo, akwai jan buhun rairayi mai nauyin babban mutum ta baya, sai kuma tafiyar kilomita takwas da jaka mai kilo 15 a baya. Sakamakon kowa ana rubuta shi a allo ɗaya, daga na farko zuwa na ƙarshe, ba a ware layin mata daban. Da na ga sunayen 'yan matan sun taru a ƙasan allon a wata na farko, na nufi Samanja na tambaye shi ko ba zai sassauta musu ba, ko da a kan lokacin gudu ne.

Ya ce, “Hajiya, ke da kika yi aikin asibiti, kin taɓa ganin majinyaci ya rage nauyi don mace ce ta zo ɗaga shi? Haka yake a daji. Idan aka harbi soja da rigar sulkensa da harsasansa, wanda ke kusa da shi ne zai ja shi zuwa bayan tudu, ko wane ne.”

Na ce, “Samanja, na ji wannan, amma ai ba kowace yarinya ce a nan za ta je daji ba.”

Ya ce, “Wanda ya sa kaki ba ya zaɓar wa kansa inda za a tura shi.”

A kan rabin maganarsa ina tare da shi ba tare da wata tantama ba. Aikin sojan ƙafa aiki ne na ɗaukar kaya kafin ya zama na harbi. Babbar bindiga mai jigida da ake amfani da ita a rundunoni da yawa ta doshi kilo 12 ba tare da harsashi ba, ga rigar sulke, ga hular kwano, ga ruwan sha, ga abinci, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka ƙera mai sauƙi saboda mata. Ƙasashen da suka buɗe wa mata fagen daga duk sun yi karo da wannan tambaya. Norway ta buɗe tun 1985, Kanada ta biyo baya a 1989, Amurka ta soke haramcin a Janairun 2013 sannan sakataren tsaronta Ash Carter ya buɗe dukkan guraben faɗa a Disambar 2015, Birtaniya kuma ta kammala nata a 2018. A watan Agustan 2015 mata biyu, Kristen Griest da Shaye Haver, suka kammala makarantar Ranger ta sojan Amurka, wadda maza da yawa ke faɗuwa a cikinta, kuma abin da ya ba nasararsu daraja shi ne sun bi ta ƙofar da maza suka bi. Mace da aka sassauta wa gwaji takan shiga cikin abokan aiki da tabo a goshi, ko da kuwa ta fi su iya aiki, domin kowa zai riƙa cewa alfarma aka yi mata. Na ga irin wannan a aikin gwamnati, kuma ba na fatan haka ga ɗiyata.

Inda muka rabu da shi shi ne ya cakuɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba, wato ma'aunin shiga soja da ma'aunin zama sojan faɗa. Runduna ba masu riƙe bindiga a gaba ba ne kaɗai. Akwai masu jinya, da masu sadarwa, da direbobi, da makanikai, da akawu, da masu tattara bayanan sirri, da 'yan sandan soja, kuma Runduna ta 8 da ke da hedikwata a nan Sakkwato ba za ta yi aikin yini guda ba idan babu su. Amurkar da Samanja ke yawan kafa hujja da ita ta yi ta kai-komo a kan wannan batu. Ta ƙirƙiro gwajin ƙarfi wanda da farko aka so ya zama bai ɗaya ga kowa, a 2022 ta koma ba da maki gwargwadon shekaru da jinsi bayan an ga yadda mata ke faɗuwa da yawa, sannan a 2025 ta tsayar da ma'auni ɗaya ga maza da mata a fannonin faɗa guda 21, ta bar sauran fannoni a kan tsarin shekaru da jinsi. Birtaniya ma tun 2019 gwajinta ya rataya ne a kan irin aikin da mutum zai yi, wanda ke neman shiga sojan laima ana neman abin da ya fi na mai neman aikin dafa abinci, mace ce ko namiji. Ma'ana, ma'aunin na aikin ne. Wannan wuri kuwa ya ɗauki ma'aunin sojan ƙafa ya aza wa kowa tun daga makon farko, kuma na san 'yan mata biyu masu takardar makarantar kiwon lafiya waɗanda suka karaya suka daina zuwa, alhali da an auna su da abin da aikin jinya a bariki ke nema, da sun haye.

Babban abin da nake kuka da shi, wanda ya sa na ga wajibi ne in rubuta wannan sharhi, shi ne hanyar da ake bi a kai ga ma'aunin. Kasancewar wurin isa ɗaya ne ba ya nufin dole kowa ya bi da sauri ɗaya. A matsakaici, ƙarfin hannu da kafaɗar mace yakan kasance tsakanin rabi zuwa kashi biyu bisa uku na namiji, tazarar takan ragu a ƙafafu, jininta kuma yana ɗaukar iskar numfashi ƙasa da nasa. Wannan ba ya hana wasu mata zarce maza da yawa, domin matsakaici ba hukunci ba ne a kan kowane mutum, amma yana nufin yarinyar da ta ɗauki kilo 15 tana aiki kusa da iyakar ƙarfinta a lokacin da saurayin da ke gefenta yake da sauran rara. Ƙari a kan haka, yawancin samarin da ke zuwa sun taso suna ƙwallo, suna noma, suna dako, suna kokawa, yayin da 'yan matanmu da yawa rabonsu da gudu tun firamare. Huhu da tsoka suna saurin karɓar horo, cikin 'yan makonni mutum zai ji ya ƙara ƙarfi, amma ƙashi yana buƙatar watanni. Lamarinsa kamar ginin laka ne, ana aza sahu a bar shi ya sha iska kafin a aza wani, wanda ya yi gaggawa kuwa zai ga bango ya tsage.

Wannan tsagewar ƙashi ba ta zuwa da faɗuwa ko bugu. Ciwo ne da ke farawa a ƙwauri, ko bayan ƙafa, ko ƙugu, ya tsananta idan ana gudu, ya lafa idan an huta, kuma hoton ƙashi na farko sau da yawa ba ya nuna komai sai bayan mako biyu ko uku. Sojojin duniya sun daɗe da sanin ta. Da Birtaniya ta haɗa maza da mata a horo iri ɗaya a 1998, yawan kurata mata da aka sallama saboda raunin wahalar horo ya tashi daga kashi 4.6 cikin ɗari zuwa 11.1. Gwajin da sojojin kundunbalar ruwa na Amurka suka yi a 2015 ya nuna rukunin maza zalla ya fi rukunin haɗaka a kusan kashi 69 cikin ɗari na ayyukan da aka gwada, kuma mata sun ji rauni fiye da ninki biyu na maza. Masu adawa da shigar mata fagen daga sukan tsaya a nan. Sai dai akwai darasin Ostireliya a farkon shekarun 1990, inda tsagewar ƙashin ƙugu ta kama kashi 11.2 cikin ɗari na kurata mata, da aka rage saurin maci, aka koma gudu a ƙasa mai laushi, aka bar kowace ta yi taku daidai da tsayin ƙafarta, sai adadin ya sauko zuwa 0.6. Wannan ya nuna cewa kaso mai yawa na raunin daga tsarin horo yake fitowa, kuma ana iya gyara shi ba tare da an taɓa ma'aunin ƙarshe ba.

To a wannan wuri, kusan duk kuskuren da aka gyara a can shi ake maimaitawa. Ana gudu a kan kwalta sau huɗu a mako, alhali ga jar ƙasa shimfiɗe a bayan filin. A tafiyar kaya ta Asabar dogayen samari ne a gaba, su ke yanke saurin tafiya, gajeru na baya suna miƙa ƙafa fiye da kima don kada a bar su, kuma wannan miƙa ƙafar ita ce ke tsaga ƙashin ƙugu. Sabon shiga ana ɗora masa cikakkiyar jaka tun Asabar ɗinsa ta biyu. Tsallen kwaɗo, wanda ke wahalar da gwiwa, shi ne horon wanda ya yi kuskure. Babu wanda ke duba takalma, na ga yara suna gudun kilomita da kambas ɗin gwanjo da dunduniyarsa ta cinye gefe guda. Wata yarinya ta yi kwanaki tana ɗingishi, mataimakin Samanja yana ce mata ragwanci ne, sai da na danna ƙwaurinta da yatsa ta yi ƙara, na sa mahaifiyarta ta kai ta asibiti, aka hana ta gudu har tsawon makonni. Ban ga mugunta a tare da su ba. Yadda aka horar da su haka suke horarwa, sun manta cewa a makarantar horar da kurata ta Zariya akwai likitoci da asibiti a bayan mai ba da horo, su kuwa a nan abin da suke da shi akwatin bandeji ne da man zafi.

Rashin ma'aikacin lafiya ya fi bayyana a kan batun jini. Ƙarancin jini ya zama ruwan dare ga 'yan matanmu, saboda al'ada ta wata-wata da zazzaɓin cizon sauro da abincin da ba ya ƙunshe da isasshen sinadarin ƙarfe, kuma yarinyar da jininta ya yi ƙasa za ta riƙa haki a gudun da bai kamata ya gajiyar da ita ba, a zaci rashin himma ne. Gwajin jini ba shi da tsada, ana yin sa a ƙananan asibitoci da yawa a cikin gari, ya kamata a ce sharaɗi ne kafin rajista. Ɗiyata da na kai aka gwada ta, aka ba ta maganin ƙarin jini, muka ƙara mata hanta da wake da kwaɗon zogale da ƙwai, muka hana ta shan shayi a kan abinci domin yana rage shigar sinadarin ƙarfe cikin jiki, lokacin gudunta ya gyaru fiye da yadda ihun kowane mai horarwa zai gyara shi. Haka kuma babu mai gaya wa 'yan matan cewa ɗaukewar al'ada a lokacin horo mai tsanani alama ce ta jiki ba ya samun isasshen abinci, kuma tana raunana ƙashi. Mataimakiyar Samanja ta san wannan, amma ita kaɗai ce a kan 'yan mata da yawa, ba a kuma ware mata lokacin da za ta zauna da su ba tare da maza a kusa ba.

A kan zafi kuwa sun yi ƙoƙari. Kowa ya san yadda Sakkwato take daga Maris zuwa Mayu, inda ma'aunin zafi ke haura digiri 40, kuma Samanja ba ya wasa da wannan. Akwai randa biyu cike da ruwa, ana tsayawa a sha bisa umarni ko mutum bai ji ƙishirwa ba, ana dama ruwan gishiri da sukari a ranar tafiyar kaya, da rana ta ɗaga kuma ana busa usur a tashi ko ba a gama ba. A ranakun da ƙurar hunturu ta yi kauri ana rage gudu a koma ƙarƙashin rumfa.

Batun sutura da kamun kai shi ne abin da iyaye suka fi tambaya ta, kuma a nan ba ni da ƙorafi mai yawa. 'Yan mata suna horo da dogon wando mai sakin jiki, da riga mai dogon hannu da ta sauko ƙasa da ƙugu, da ƙaramin hijabi da ake cusawa cikin riga. Duk atisayen da ke buƙatar taɓa jiki, mace da mace ake haɗawa, namiji kuma ba ya gyara wa yarinya tsayuwa da hannunsa, sai dai ya kira mataimakiyar. Na ga an kori wani saurayi baki ɗaya saboda ya ɗauki 'yan matan hoto da waya, aka kuma sa ya goge a gaban kowa. Abin da ya gaza shi ne wurin sauya kaya, wanda labule ne kawai a kusurwar shago, da banɗaki guda da kowa ke shiga. Ga wurin da ke karɓar kuɗi daidai daga mace da namiji, gina ƙaramin ɗaki da ƙofa mai sakata ba alfarma ba ce. Akwai kuma matsalar zuwa da asuba, domin unguwar ba ta da fitilu, 'yan kabu-kabu ba su fara fitowa sosai ba a wannan lokaci, shi ya sa iyaye daga Mabera da Arkilla suka haɗa kuɗi suka ɗauki shatar Keke Napep.

Kowace Alhamis ana rage motsa jiki a zauna a yi darasi na rabin awa a kan rayuwar soja, kuma wannan darasi yana da daɗi da amfani, duk da cewa Samanja yakan tsunduma cikin tarihi fiye da kima. Yana son ambaton Sarauniya Amina ta Zazzau, da Sarauniyar Lugu ta ƙasar Dogon Dutsi wadda ta tunkari ayarin sojan Faransa a 1899, da Ummu Ammara Nusaiba bint Ka'ab wadda ta kare Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a yaƙin Uhudu. Waɗannan misalai suna kwantar da hankalin iyaye, suna kuma ƙarfafa zuciyar yara, amma ba su ne ke amsa tambayar ko wance za ta iya jan mutum mai kilo 80 ba. Na fi amfana da ranar da mataimakiyarsa ta karɓi darasin ta kawo abin da ke kusa. Ta faɗa musu cewa Aderonke Kale, likitar ƙwaƙwalwa, ta zama mace ta farko da ta kai muƙamin manjo janar a 1994, cewa sai a 2011 Makarantar Horar da Hafsoshi ta Kaduna ta fara karɓar mata 20 a kwas ɗin hafsoshin faɗa na dindindin, cewa an kafa sashen mata na sojan ƙasa a 2018, kuma a Janairun 2021 an tura mata sojoji 300 su tsare hanyar Abuja zuwa Kaduna. Ta ambaci Kafayat Sanni mai tuƙa jirgin yaƙi, da Tolulope Arotile mai tuƙa jirgin yaƙi mai saukar ungulu, waɗanda suka sami lambar fukafuki ta kammala horon tuƙin jirgi a Oktoban 2019, ta biyun kuma ta rasu a Kaduna a Yulin 2020. Sannan ta kawo hujjar da ta fi ratsa ni, cewa a shingen bincike a hanyar Isa ko Sabon Birni ko Tangaza, inda ake fama da 'yan bindiga, namiji ba zai binciki mace ba, matar ƙauye kuma ba za ta buɗe baki ta gaya wa namiji baƙo abin da aka yi mata ba, saboda haka dole a sami mace a wurin, kuma wurin ba ofis ba ne, harbi na iya tashi a kowane lokaci. Amurka ma a Iraki da Afganistan haka ta riƙa haɗa mata da rukunin faɗa domin binciken mata tun kafin ta halatta musu faɗan a hukumance. Wannan ya sa na sassauta ra'ayina game da maganar Samanja cewa mai kaki ba ya zaɓar wurin aikinsa, ko da yake har yanzu ina ganin ya kamata a yi allo biyu, na shiga da na faɗa, kowanne a buɗe ga mace da namiji.

Game da sakamako, ba zan rage musu komai ba. 'Yan matan da suka jure, jikinsu bai karye ba, sun canza ƙwarai. A gwajin baya-bayan nan sunayensu sun watsu a cikin allon, wata siririya daga Gidan Igwai ta shiga cikin goma na farko a gudu, ta bar samari da yawa a baya, kuma babu wanda ya iya cewa an yi mata sauƙi. A jan buhu da ɗagowa da hannu har yanzu mafi yawansu suna ƙasa, wanda ya yi daidai da abin da aka sani game da ƙarfin kafaɗa, kuma nan ne ya kamata a ƙara musu lokaci a wurin ƙarafa a rage musu gudu. Ɗiyata ta ce mini, “Gwaggo, ranar da na ja buhun nan har ƙarshen layi, samarin da ke mana dariya su suka fara tafi.” Irin wannan girmamawa allo ɗaya ne ke kawo ta.

Wanda zai kai ɗiyarsa ko ƙanwarsa wannan wuri, shawarata ita ce ya kai ta aƙalla wata shida kafin lokacin tantancewa, kada ya jira sai sanarwa ta fito, domin watanni biyu na gaggawa sun fi kusa da kai ta asibiti fiye da kai ta Zariya. A gwada jininta tukuna, a saya mata takalmin gudu mai kyau ko da za a rage wani abu, a kuma gaya mata cewa ciwon da ya tsaya a wuri ɗaya a kan ƙashi ba abin daurewa ba ne. Wadda burinta aikin jinya ne ko sadarwa, a fahimtar da ita tun farko cewa allon da za ta gani ya fi abin da ake nema a gare ta tsauri, kada ta yanke ƙauna. Kuɗin wurin bai yi yawa ba idan aka dubi tsare lokaci da gaskiya da tarbiyyar da ke cikinsa, kuma ni zan ci gaba da biya. Amma na cire ɗiyata daga tafiyar kaya ta Asabar, muna yin tamu a jar ƙasa da jaka mai kilo bakwai muna ƙarawa kaɗan-kaɗan, kuma na shaida wa Samanja cewa za ta dawo cikin layi ranar da ya sa gajeru a gaba, ya kuma sauke tafiyar daga kan kwalta. Ya ce zai duba batun layin, amma a kan kwalta bai ba ni amsa ba tukuna.